Yadda Na Nemi Aure a Tsaye a Jiratawa

Tun da na dawo daga Maraɗi ’yan majalisarmu ba su bar ni na huta ba. Wannan ya ce ya hanya, wancan ya ce me ya riƙe ni har tafiyar ’yan kwanaki ta nemi cin wata. Na ba da labarin a ƙofar masallaci, na ba da shi a wajen mai shayi, kullum kuma sai wani ya iso a tsakiya ya ce a koma farko. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya in huta. Akwai wurin da nake tsallakewa in da baki ne, amma a nan ba zan tsallake komai ba.

Nasiru ɗan ƙanena ne, Allah ya jiƙan ubansa. Ya haura talatin, sana’arsa haɗa famfon ruwa mai aiki da hasken rana, ita ce kuma ta kai shi Maraɗi ya zauna. A garakan Jiratawa, wato lambunansu na rani, ya ga Ramatu, malamar makaranta, suka daidaita. Mai faɗa a ji a gidansu kakanta ne, Baba Nomau, tsoho mai shekaru sama da tamanin. Shi ya ce Nasiru yaron kirki ne, amma ba ya ba da jikarsa ga wanda bai ga babbansa ba. Babban Nasiru kuwa da ya rage a duniya ni ne. To ga abin da ya tashe ni daga Zariya.

Ban ɗauki tafiyar da nauyi ba. Fataucin goro ya kai ni Ibadan da Kumasi da Abijan, na zauna Kamaru, na leƙa Sudan. Ina jin Yarbanci da Asante, ina da Larabcin da zan yi ciniki da shi, da Faransancin kasuwa. Na sha shiga gaba a neman auren ’ya’yan mutane a ƙasashe uku. Sai na ce Maraɗi ai ƙofar gida ce.

Na bi ta Kano zuwa Katsina, don direbobi sun ce hankali ya fi kwanciya ta nan, daga Katsina na hau ta Jibiya. Kan iyaka ba a wahalar da ni ba. A ɓangarenmu wani ya dubi furfurata ya ce, “Baba, a yi mana addu’a.” A ɗaya ɓangaren jandarma ya tare ni da Faransanci, na mayar masa da irin na ’yan Abijan, ya yi dariya ya koma Hausa, ya ce, “Alhaji, ina ka samo wanga Faransanci? Na direban manyan motoci ne!” Na ce a bakinsu na koya. Iyakar nan ta daɗe tana ba ni mamaki. Na ƙetara iyakoki inda harshe da abinci da fuska duk ke sauyawa a taku goma. Nan kuwa mai ƙosan wannan gefe ƙanwar mai ƙosan wancan gefe ce, kakin ma’aikata kaɗai ya bambanta.

A Ɗan Isa aka ce mu jira mota ta cika. Na shiga rumfar mai shayi, na tarar da benci guda, wani ƙaton dillalin albasa ya cinye kusan rabinsa, samari biyu sun cinye saura. Na ɗosana a can ƙarshe, bayan ƙafar bencin. Samarin suka tashi ban lura ba. Can direba ya ƙwala kira, “Mai albasa, kayanka!” Mutumin nan ya miƙe zumbur. Benci ya ɗaga kai sama, ni kuma na sauka da dukkan nauyina a kan gefen wani dakalin siminti da ke bakin rumfar.

Na ga taurari da rana tsaka. Mutane suka taru. “Sannu Alhaji! Subhanallahi! Ina ka bugu?” Har da mata masu sayar da gyaɗa a kaina. Na ce, “Ba komai, baya ne kaɗan.”

Ba baya ba ne. Akwai wani ɗan ƙashi a can ƙarshen gadon baya, daidai inda mutum ke ɗora nauyinsa in ya zauna ya ɗan jingina. Shekara saba’in ina yawo da shi ban san yana nan ba. Daga Ɗan Isa zuwa Maraɗi muka san juna. Na yi tafiyar a kan cinya ɗaya, na karkace kamar kayan da aka ɗaure a gaggauce, duk ramin da mota ta faɗa sai na ji shi har cikin haƙorina.

Maraɗi gari ne na babura. Kabu-kabu suke ce musu, sun fi ƙudaje yawa a bakin tasha, kuma da zarar an bar kwalta sai yashi da gargada. Wanda ya ɗauke ni ya ga na miƙe a kan matakan babur ina riƙe da kafaɗarsa, ya ce, “Baba, zamna mana, ai ba doki ba ne.” Na ce ya tuƙa kawai, gari nake kallo.

Masaukina gidan Alhaji Laminu ne a wata unguwa ta Maraɗi da ita ma ake kira Zariya, abokina tun zamanin goro a Kumasi. Yanzu Allah ya buɗa masa, motocinsa na zuwa Kwatano suna dawowa, amma bakinsa na nan yadda na san shi. Yana ganina ya ce, “Kai Mudi! Tsufa ya karkata ka, ko hanyarku ce ta Najeriya?” Ya kai ni falo mai manyan kujeru masu laushi. Na ce ga sauƙi ya zo. Ina nutsewa cikin kujerar na gane laushi ma ba abokina ba ne, don mutum na lumewa nauyinsa ya koma daidai kan wurin. Tashi daga cikinta kuwa ya fi zaman azaba.

Aka kawo abinci irin na karamcin Maraɗawa, wanda ba a ce masa ya isa. Tuwon hatsi, don su gero suke kira hatsi kamar babu wani hatsin sai shi, da miyar kuka da man shanu. Fura mai kauri a ƙwarya. Balangun rago. Dambun zogale wanda ban taɓa cin irinsa ba ko a Sakkwato. Da safe kuma burodin nan nasu dogo kamar sandar makiyayi, mai ɓawo, wanda sai ka tsoma a shayi kafin haƙoran irinmu su iya da shi. Duk wannan a durƙushe na ci. Laminu ya ce, “Yaushe ka koma cin abinci kamar raƙumi?” Na ce baya ne ya ɗan riƙe.

Nasiru ya zo gaishe ni, ya sha sabon aski, sai murna yake. Ya ce an sa mana rana a Jiratawa. Da na ce a ɗaga, da an ɗaga. Amma sai an tambaye ni dalili, dalilin kuma ba ya faɗuwa a gaban ɗa.

Jiratawa ba ta da nisa da Maraɗi. Kore ne ta ko’ina, zogale jere-jere, ruwa na bin ’yan magudanai. Nasiru ya tsaya can bakin garka, tunda mai neman aure ba ya shiga inda manya ke maganarsa. Ni da Laminu muka ƙarasa da ƙullin goro. Baba Nomau ya tarbe mu a gindin dogonyaro a ƙofar gidansa, siriri ne dogo, ido tar. ’Ya’yansa da ƙannensa sun kewaye shi. An shimfiɗa sabuwar tabarma, ya kuma sa aka ɗauko buzunsa na salla aka ɗora mini a kai. Duk wanda ya san tsofaffi ya san ba kowa ake yi wa haka ba. Ƙasar wurin kuwa daɓe ce, tauri kamar dutse.

Kowace ƙasa da yadda take neman mace. A Ibadan na ga manyan mutane da manyan riguna sun kwanta rub da ciki a gaban iyayen yarinya. Da can aka kai ni da na fi kowa ladabi, don kwanciya ba ta yi mini ciwo. A Kumasi kujera ake ba ka, a gaisa hannu da hannu, a shiga magana. A ƙasar Hausa kuwa zama ne. Mai nema ya zauna ƙasa, ya tanƙwashe ƙafa, ya nutsu, ya saurara. A Nijar an ƙara da shayi. Ana ɗora ’yar buta a kan gawayi, a dafa na farko mai ɗaci, a dafa na biyu, a dafa na uku mai zaƙi, kuma baƙon kirki ba ya ɗaga ƙafa sai an sauke na ukun. Ba sauri ake yi ba.

Aka yi gaisuwa, aka sake gaisuwa. Aka tambayi mutanen Zariya ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda ba a sani ba. Ni kuwa na koma cinyar dama, na koma ta hagu, na dafa ƙasa da hannu, gumi na bin wuyana. Na ji fuskata na yamutsewa ba da izinina ba. Aka miƙo kofin farko, na kurɓe shi kamar magani. Baba Nomau ya gyara murya ya fara ba da asalin gidansu, yadda kakansa ya sari dajin wurin, da irin tarbiyyar da suke ba ’ya’yansu mata. Yana daidai kan yabon Ramatu wani abu ya soke ni kamar an kafa ƙusa. Na ce, “Wash!” da ƙarfi, na miƙe tsaye.

Laminu ya ja bakin rigata. Ni kuma na ga tunda na riga na tashi, komawa ba za ta yiwu ba, gara in yi abin da ya kawo ni. Sai na tsaya a kan tsoho ɗan shekara tamanin, ina kallonsa daga sama kamar mai karɓar haraji, na zayyana masa cewa mun zo nema wa ɗanmu auren ’yarsu.

Ya saurare ni har na gama, kansa a ƙasa. Ya ce, “Mun ji, Alhaji. Mu yi shawara.” Goronmu ba a kwance shi ba. Shayi na biyu yana kan wuta muka yi sallama.

Washegari Nasiru ya shigo, ya durƙusa, ya kasa haɗa ido da ni. Ramatu ta kira shi ta faɗa masa abin da kakanta ya ce bayan tafiyarmu. Wai Alhajin birni ne, ƙasarsu ta yi masa datti, yana ta yatsina kamar an zaunar da shi a gidan tururuwa, ana yabon yarinya yana cewa wash. Wai gidan da babbansu ya kasa zama a kan buzunsa har a sha shayi, jikarsa ba za ta iya zama a cikinsa ba.

Yaron nan ya ce, “Baba, in ba ka son abin ne, ka faɗa mini. Zan haƙura.”

Wannan ta fi dakalin Ɗan Isa zafi. Na rantse masa ciwo ne. Ya ce ciwon me? Na ce baya.

Laminu ya ce shi bai yarda da bayan nan ba. Mai ciwon baya sunkuyawa ke gagararsa, ni kuwa ina ruku’u lafiya lau, zama ne ba na iyawa. Ya yanke hukunci cewa ɗan kanoma ne, abin da mu muke ce wa basir, ya sa aka kawo mini wani jiƙo baƙi wuluk daga wajen wata tsohuwa. Na sha don kada a ci gaba da bincike. Abin da jiƙon nan ya yi mini ba zan rubuta ba, illa dai na san hanyar bayan gidan Laminu ko ido rufe, ciwo kuma na nan inda yake.

Daga nan aka ce sai Tsibiri, akwai maɗori da ake yabo. Na yi tafiyar a kwance a kujerar baya, ta gefe, kamar buhun da aka jingine. Tsibiri garin Gobirawa ne, gonakin hatsi har bakin gidaje, da safe kuma rabin garin na kan babura zuwa Maraɗi. Maɗorin, Malam Ila, Bagobiri ne da zanensa har kunne. Laminu, don neman fitina, ya gaya masa na yi shekaru a Ibadan. Ai kuwa shi ke nan, wasan Gobirawa da Yarbawa ya hau kaina. “A’a! Bayarabe ne kuka kawo mani? Mi ya kai Bayarabe hawa benci? Ku da kuka saba da kwanciya!” Na mayar masa da Yarbanci, ya ce in zagi ne ya koma kaina.

Zaurensa cike yake, har da mata biyu da suka kawo yaro mai karaya a hannu. Ya ce in nuna wurin. Na dubi matan, na ɗora hannu a kwankwaso. Ya kwantar da ni, ya shafa man kaɗanya, ya bi ƙashi ɗaya bayan ɗaya yana dannawa. “Nan?” A’a. “Nan?” A’a. Ya murza ni dai yadda ya kamata, har wanzamin da ke maƙwabtaka da shi ya samu shiga ya kafa mini ƙaho biyu a wurin da lafiyarsa ƙalau. Da aka gama Malam Ila ya turo wani kututture ya ce in zauna in huta. Ina taɓa shi na zabura.

Ya dube ni, ya dubi kututturen. Ya matso ya rage murya. “Bayarabe, ka sa ni noma gonar da ba ita ba. In can ƙasa ne, ba a ɗora kara a wurin, ba a ɗaure shi. Tahi likita a yi maka radiyo.” Radiyo a bakinsu shi ne hoton ƙashi.

Wani ƙaramin asibiti Laminu ya kai ni a cikin gari. Ina shiga na tarar likitar mace ce, ba ta kai autata ba. Na ce yau na shiga uku. Sai na tuna wata dabara da yawo ya koya mini: abin da ya yi nauyi a harshen uwa yakan yi sauƙi a harshen wasu. Na fara da Faransanci. Na yi bayanin benci, na yi bayanin dakali, da na iso kan wurin sai na tarar direbobin Abijan ba su koya mini sunansa na mutunci ba, wanda na sani ba ya faɗuwa a gaban mace. Na tsaya ina kame-kame.

Ta ce da Hausa, “Baba, bar magana. Nuna mani da yatsa guda.”

Na nuna. Ko gezau ba ta yi ba, kamar gwiwa na nuna mata. Ta shiga tambaya. Zama ya fi zafi ko tafiya? In za ka tashi daga zaune yana suka? In ka jingina baya yana ƙaruwa, in ka sunkuya gaba yana raguwa? Duk na ce e. Ƙafafu suna mutuwa ko suna yin sanyi? Fitsari ko bayan gida na kufce maka? Akwai zazzaɓi, ko kumburi mai ruwa a wurin, ko rama ba dalili? Na ce babu. Ta ce alhamdu lillahi, don da akwai ɗaya daga cikin waɗannan da maganar ta zama wata, ba a jira da su. Ta kira wani ma’aikaci namiji ya shiga da ni bayan labule, ya duba fatar wurin, ya danna. Dannawa ɗaya na kira sunan Allah, ya ce an samu. Aka ɗauki hoto biyu, ɗaya ina tsaye, ɗaya ina zaune, don wai a ga ko ƙashin na gocewa in nauyi ya hau shi.

Ta ɗaga hoton ta nuna mini wani ɗan abu kamar ƙaramin yatsa, ya ɗan lanƙwasa. Ta ce shi ake kira ƙashin wutsiya. Na ce, “Likita, wutsiya kuma? A shekaruna?” Ta ce kowa na da shi, har Alhaji Laminu. Nawa bai karye ba, buguwa ce, jijiyoyin da ke riƙe da shi suka kumbura. Ta ce faɗuwa da mazaunai ita ce babbar sila. Mata na samunsa wajen haihuwa. ’Yan kabu-kabu da direbobi da teloli na samunsa saboda dogon zama a kan abu mai tauri. Mai ƙiba sosai na samu, ramamme ma na samu don ba naman da zai tare masa. Wani kuma ba a gano dalili. Ko da ya karye ma, ba a sa masa siminti, lallaɓa shi ake yi har ya haɗe.

Ta rubuta mini maganin zafi da kumburi, ta ce kada in sha sai na ci abinci, bayan ta tambayi lafiyar cikina da ƙodata da hawan jini. In riƙa gasa wurin da ruwan ɗumi a tsumma. In sha ruwa da yawa, in ci ganye, don kada ciki ya ɗaure yunƙuri ya ƙara fama shi, amma jiƙon Laminu ta ce a zubar. Kada in daɗe a zaune, in kuma zan zauna in karkata gaba nauyi ya koma kan cinyoyi. Sai a lokacin na gane abin da ya sa zaman tahiya bai taɓa damuna ba. Babur kuwa ta haramta mini shi. Ta zana wani matashi a takarda, mai tudu ta baya, an yanke masa gurbi a tsakiyar bayan yadda ƙashin zai zauna a iska. Ta ce yawanci cikin makonni yake lafawa, wani har watanni. In ya ƙi, akwai masu gashi da motsa jiki, akwai allura da ake yi a wurin, aikin tiyata kuwa sai can ba a rasa ba.

Na ce, “Likita, ba ni da makonni. Aure nake nema.”

Ta ajiye biro. “Baba, da wanga ciwo?”

Na ce na ɗana ne. Laminu ya yi dariya har sai da ma’aikacin nan ya leƙo.

A kasuwa Laminu ya yi wa mai katifa bayanin abin da ake so da muryar da ta kai layin masu tabarma. “Gurbin nan na wutsiyar Alhaji ne, a yanke shi da kyau!” Aka yanka soso mai tauri, tela ya ɗinka masa riga shuɗiya. Na zauna a kai a tsakiyar kasuwa, na ji kamar an sauke mini dutse. Na yi ’yan kwanaki ina shan magani, ina gashi, ina cin zogale, ina zagaya unguwa da ƙafa. Sukar ta ragu, ko da yake ba ta tafi ba. Laminu kuma ya bi ta wajen wani dattijo da Baba Nomau ke jin nauyinsa, aka roƙa mana a sake ba mu zama. Da ƙyar Baba Nomau ya yarda.

Muka koma. Wuri ɗaya, mutane ɗaya, buta na kan gawayi. Wannan karon ba buzu, tabarma ce kawai. Na shigo da matashina a hammata, na ajiye, na zauna, na karkata gaba kamar yadda aka ce. Sai da na zauna na ga abin da ban lissafa ba: matashin ya ɗaga ni, na fi tsohon tsawo da kusan tafin hannu.

Baba Nomau ya dubi matashin, ya dube ni. “Alhaji, yau da karagarka ka taho?”

Na ji Laminu ya sauke numfashi. Na tuna fuskar Nasiru a durƙushe yana cewa zai haƙura. Na ce, “Baba, ka yafe ni. Ba raini ba ne, ba kuma ƙyama ba. Faɗuwa na yi a hanya ranar da na shigo ƙasarku, tun daga nan zama ya gagare ni.”

“Bisa mi ka faɗi?”

“Bisa dakali.”

“Da wane waje?”

Na san ya gane. So yake ya ji da bakina, kuma yana da gaskiya, don a gaban mutanen nan na tsaya a kansa. Na ce, “Da wajen da ake zama, Baba. Ƙashin wutsiya, in ji likita.”

Wani daga baya ya ƙunshe baki da hula. Tsohon ya fara rawar kafaɗa, sannan dariya ta ƙwace masa har yana share ido da gefen rawani. Kowa ya samu izini, wuri ya kaure. Da ya lafa ya ce, “Ashe ranar nan bisa wuta ka zamna kana sauraren tarihin kakana! To mi ya hana ka faɗi?”

Na ce, “Kunyar surukai.”

Ya ce, “Wane surukai? Ka bari a ba ka ɗiyar tukuna, sannan ka ji kunya. Miƙo abin nan in gani.”

Na tashi a hankali na miƙa masa. Ya jujjuya shi, ya sa hannu a gurbin, ya tambayi ta ina ne gaba. ’Ya’yansa suka ɗan ɗaga shi aka zura masa. Tsohon nan da ba shi da nama ko na sisi ya zauna, ya gyara, ya lumshe ido. Aka jira. Ya buɗe ido ya ce, “Ashe haka wasu ke jin duniya.” Bai nuna alamar tashi ba.

Ya ɗago kai ya dube ni ina tsaye a gabansa kamar wancan karon. “Tsaya abinka, Alhaji, ni na tsayar da kai. Faɗi abin da ke tahe da kai.”

Na sake faɗa daga farko. A tsaye na sha kofin farko, a tsaye na sha na biyu, ya kuwa ƙarasa mini tarihin gidansu daga inda na katse shi, bai rage ko kalma ba. Da aka sauke na uku ya ce a kwance goro. Aka kwance, aka raba, aka shafa fatiha. Ya ce ya ba Nasiru Ramatu, a zo a sa rana bayan an cire amfanin gona. Da muka yi sallama na ɗan tsaya ina kallon matashin. Ya ce, “Sauka lahiya, Alhaji,” ya ƙara gyara zama.

Nasiru na bakin garka inda muka bar shi, ya kusa tumɓuke zogalen mutane don zagaye. Ya hango ni na fito hannu biyu ba komai, ina tafe a hankali. Ya taho da sauri.

“Baba, ina matashin?”

Na ce, “An karɓe. Je ka gaya wa mai katifa ya yanko wani, sannan ka fara neman kuɗin lefe.”